Hannun da Na-Sama Ke Bi

Kwana tara suka ba shi ya shirya, ni kuma ba tare da an tambaye ni ba aka ƙara mini aji guda a kan wanda nake fama da shi.

Ni malamar firamare ce. Shekara ashirin da biyu ina tsaye gaban allo, yara sittin da 'yan kai a gabana, kowa da majinarsa da ƙarar da zai kawo. In na dawo gida da yamma burina bai wuce in cire takalmi in ɗora ƙafafuna a kan bokiti ba, kada kuma wani mahaluki ya sake ce mini Malama sai gobe. To ranar nan ina shigowa, ko jaka ban ajiye ba, na tarar da maigidana zaune da wani ɗan littafi a cinya. Ya ɗago ya ce, "Malama, sannu da zuwa." Nan take na san da magana, don ba ya kirana Malama sai in yana neman wani abu.

Maigidana direban kiren ne, injin nan mai dogon wuya da ke ɗaga kaya a wurin manyan gine-gine. Kullum da safe sai ya hau tsani ya shiga wani ɗan akwatin gilashi can sama, ba ya saukowa sai an tashi aiki. Shi ya sa abokan aikinsa suke ce masa Na-Sama, sunan ya bi shi har gida, har jikokinsa ma da shi suka san shi. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana cikin akwatin nan. Ya fi sanin rufin gidajen garin nan fiye da hanyar kasuwa.

Abin da ya faru shi ne wani sabon kamfani ya karɓi aikin. Suka ce duk direban kiren sai ya zauna gaban mutum uku sun yi masa tambayoyi da baki, da Turanci, ya amsa da Turanci. Wanda ya ci a sabunta masa takardarsa ta shekara uku. Wanda ya faɗi ya sauko, a ba shi gadin ƙofa ko ɗakin ajiye kaya. Littafin da ke cinyarsa tambayoyin ne, guda arba'in.

"Ni da ƙofa?" ya ce. "In zauna a benci ina buɗe wa motar yashi? Gara a ce na mutu."

Na ce, "Ba ka mutu ba tukuna. Miƙo littafin."

Turancinsa na wurin aiki ne. Ya san sunan kowane ƙarfe da kowace igiya, amma in ka ce ya haɗa jimla sai ya riƙa kame-kame kamar mai neman takalmi a duhu. Na duba tambayoyin ina hamma. Kusan rabinsu kalma ɗaya ce ke yawo a ciki, ta fito nan, ta ɓuya, ta sake fitowa can. Na ce masa in ya riƙe wannan kalmar da kyau ya gama rabin aiki.

A barandarmu akwai wani gefen bango da na shafa wa baƙin fenti tun yaranmu suna ƙanana, ina yi musu darasi a kai. Yanzu duk sun watse, babbar tana gidanta, ƙaramin yana makaranta can nesa, allon ya koma wurin rataye tsintsiya. Na cire tsintsiyar, na goge ƙura, na ɗauko guntun alli daga jakata na rubuta da manyan haruffa: obey.

"Ma'anarta bi," na ce, "ko yin biyayya. A ce ka yi, ka yi. A ce ka bari, ka bari."

Ya jawo kujerarsa ta roba ya zauna kusa da ƙofar ɗaki, ya harɗe ƙafa. "Biyayya? Wa zan yi wa biyayya?"

"Ga shi a tambaya ta huɗu. Hannun wa direban kiren yake bi? Amsa, hannun mai ba da alama."

"Na-Ƙasa ke nan."

"Shi fa."

"Ni in yi wa Na-Ƙasa biyayya? Na girme shi da shekara shida! Ni na koya masa ɗaura igiya. Ranar da ya fara aiki ko hular kwano bai iya sa wa daidai ba."

Na-Ƙasa shi ne mutumin da ke tsayawa a ƙasa yana nuna masa da hannu inda zai kai kaya, sama ko ƙasa, dama ko hagu. Shekara goma sha tara suna tare. Ina jin abin da suka faɗa wa juna da hannu ya fi abin da ni da maigidan muka faɗa wa juna da baki.

Na ɗauko tsohon ƙamus ɗina, wanda bangonsa ya tafi tun tuni, na karanta masa misalan da ke ciki ina fassarawa. Yara suna bin iyayensu. Soja yana bin umarni. Kare yana bin ubangidansa.

"Kare!" Ya sauke ƙafarsa. "Da kare za a haɗa ni? Rufe littafin nan, Malama."

Dariya ta kama ni duk da gajiyar. Na ce, "Ni ba ni na rubuta ba. Kuma ka ga ikon Allah, shekara talatin ina jiran ranar da zan koya maka biyayya, sai ga kamfani ya kawo mini kai har gida."

Ya sha mur, amma gefen bakinsa ya motsa. Can ya gyara zama ya ce bari ya faɗa mini yadda abin yake, tun da masu ƙamus ba su taɓa hawa kiren ba. Ya ce a can sama mutum ba ya ganin ƙasan kayan da ya ɗauka. Tan uku na rodi yana lilo, ƙarƙashinsa mutane suna kai da kawowa. Saboda haka hannu ɗaya tak ake bi, na mai ba da alama. Ko injiniya ne ya zo yana ɗaga hannu, ko mai kamfanin da kansa, direba ba ya kallonsa.

"Sai alama ɗaya," ya ce, ya ɗaga yatsa. "Ita wannan ko wa ya yi ta, an tsaya."

Ya miƙe tsaye ya nuna mini. Ya buɗe hannuwansa biyu gefe da gefe, tafin yana kallon ƙasa, ya kaɗa su ciki da waje.

"Wannan ita ce tsaya. Ba ta da mai ita. Lebura ya yi, an tsaya. Mai shara ta yi, an tsaya. Ba a tambayar dalili sai kaya sun daina motsi."

Ya ba ni labarin wata tsohuwa mai shara, shekarun baya. Yana cikin sauke bulo sai ya hango ta can gefe ta yar da tsintsiya tana kaɗa hannuwa. Ya taka birki. Shugaban aiki ya yi ta masifa, wai an ɓata masa lokaci a kan tsohuwa. Da aka duba, ashe igiya ɗaya ta fara warwarewa, ita kaɗai ta gani daga inda take. Wannan labarin na ji shi ya fi sau ashirin, amma na bar shi ya kai ƙarshe, don fuskarsa takan yi haske in yana ba da shi.

"To ka ga," na ce, "amsar tambaya ta biyar ke nan, ka riga ka san ta. Saura ka faɗe ta da yarensu."

Haka muka shiga. Kullum in dawo daga makaranta da muryar da ta dushe, shi ya dawo da ƙurar siminti a gira, mu ci abinci, mu fito baranda kafin rana ta faɗi. Na rubuta masa jimloli biyar a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, duk da kalmar nan a ciki. Ina nunawa da sanda yana karantawa. Littafin kuwa ni nake karanta masa, don ya ce rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kwarkwata, ban kuma kawo komai a raina ba.

Ɗalibi ne mai taurin kai, Allah na tuba. In na gyara masa sai ya ce ai haka ya faɗa. In na ce ya maimaita sai ya ce shi ba ɗan aji ɗaya ba ne. Jimla ta biyar, wadda ke cewa dole ya bi alamar tsaya ko wa ya yi ta, ita ta fi kowacce tsawo, ita kuma ta fi ba shi wuya. Kullum sai ya yar da kalma ɗaya a hanya ko ya cusa wata da ba a gayyace ta ba. Wata rana na ce masa da ɗan ajina ne da tuni ya yi tsallen kwaɗo. Ya ce da ni leburarsa ce da tuni ya kore ni saboda surutu. Kowa ya gaji da ɗan uwansa, amma muka ci gaba.

A kwana na biyar sai ga shi yana zuba jimlolin nan tar-tar, ina ɗora sanda yana faɗa, ta biyar ce kawai take masa gardama har yanzu. Wani malamin zai yi murna. Ni kuwa na daɗe a aikin nan, na san karatun da ido ke yi, na san wanda kunne ke yi. Akwai yaran da za su karanta maka allo daga sama har ƙasa, alhali ko harafi ɗaya ba su gane ba, sun haddace jerin ne kawai. Maganinsu ɗaya ne, kowane malami ya san shi.

Washegari kafin ya dawo na goge allon na sake rubuta jimlolin, amma na juya su. Ta biyar ta koma sama, ta ɗaya ta koma ƙasa. Haruffan kuwa kowanne ya kai tsawon tafin hannuna.

Ya zauna a kujerarsa. Na ɗora sanda a layin farko. Ya karanta mini jimla ta ɗaya ta jiya, da ƙarfinsa, har da gyaran murya. Na sauko layi na biyu, ya kawo ta biyu ta jiya. Haka har ƙasa, idonsa a kan allon, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Yaya?" ya ce. "Na ci ko ban ci ba?"

Na ce, "Karanta mini kalmar farko ta layin nan kawai."

Ya ɗan matso da kai, ya ƙanƙance ido. Ya ce allin nan ba shi da kyau, ya yi fari-fari. Ya ce hasken yamma ne. Sannan ya ce shi fa ya gaji, a bari sai gobe, ya tashi ya shige ɗaki.

Na tsaya da sanda a hannu. Maigidana ya iya haruffa, ba jahili ba ne, shekara nawa yana karanta lambobin da ke jikin kaya. Na taka daga allon zuwa kujerarsa ina ƙirgawa. Taku shida ne. Na zauna a kujerar tasa ina kallon rubutuna, ga shi nan ɓaro-ɓaro. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda ya daina kallon ƙwallo a talabijin wai 'yan wasan yanzu ba su iya ba. Yadda ya wuce ƙanwarsa a titi bai gaishe ta ba, har ta yi wata guda tana fushi. Ni da ke kwana ɗaki ɗaya da shi ban gani ba, don kullum ina cikin gajiyata.

Da aka tashi makaranta washegari ban nufi gida ba. Na hau mota zuwa wurin aikinsu, na tsaya a bakin ƙofa na ce wa mai gadi ya kira mini Na-Ƙasa, kada ya gaya wa kowa. Daga nan ina hango kiren ɗin, da ɗan akwatin gilashin can ƙololuwa, ƙarami kamar gidan ashana. An ɗaga wani damin katako yana tafiya a hankali a sararin sama. A ƙasa na hango Na-Ƙasa, oba-oba a bakinsa, wato 'yar rediyon nan da suke magana da ita, bakinsa bai tsaya ba ko na daƙiƙa ɗaya. A ɗaya hannun kuma yana riƙe da wani farin faranti na roba yana kaɗawa.

Da kayan suka sauka ya zo yana share gumi. "Matar Yaya, lafiya? Yau ke ce a wurinmu?"

"Lafiya ƙalau. Farantin mene ne wannan?"

Ya dubi farantin kamar yanzu ya fara ganinsa. "Wannan? Na cin abinci ne."

"Ƙanina," na ce, "yini na yi ina jin ƙaryar yara, ba ni da sauran ƙarfin jin ta manya. Tun yaushe?"

Ya ja ni gefe, bayan wata tankar ruwa. Ya daɗe yana murza hular kwanonsa kafin ya yi magana. Ya ce an fi shekara. Da farko Yaya yakan ce ya ƙara buɗe hannu, ba ya gani sosai. Daga baya ya koma sa farar safar hannu. Da safar ta daina isa ya ɗauko faranti. Yanzu farantin ma sai rana ta yi kyau, saboda haka da baki yake jan shi, taku-taku, daga ɗagawa har saukewa.

"Ni ne idonsa," ya ce. "Hannunsa kuwa har gobe babu kamarsa. In na ce ɗan kaɗan, ɗan kaɗan ɗin zai yi, ko ƙwai ne ba zai fashe ba."

"In rediyon ta ɗauke fa?"

Ya nuna mini tankar da muke tsaye a bayanta. Gefenta ya lotsa, an yi mata faci. Ya ce watan jiya batir ya mutu ana tsakiyar sauke rodi. Ya yar da rediyon ya yi ta kaɗa hannuwa, leburori uku suka taya shi, kayan suka ci gaba da tafiya har sai da suka daki tankar. A gindinta mai sayar musu da abinci take zama da 'yarta a goye. Allah ya sa ta tashi kai wa wani kwano.

"Aka ce iska ce," ya ce. "Ni na ce iska ce."

"Shi ya sani?"

"Ya san ya daki tanka. Bai san mu huɗu muke ba shi alamar tsaya ba. Na kasa gaya masa, Matar Yaya. Ta ina zan fara?"

Sannan ya ƙara mini da wadda ta fi. Sabon kamfanin zai mayar da shi wani wurin aikin a ƙarshen wata. Kowane kiren za su kawo masa nasu mai ba da alama, yaran da aka horar, masu yi da yatsu kamar yadda littafi ya ce. Takardar gwajin ido kuwa ta Yaya da sauran wa'adinta, ba wanda zai tambaya. Turancin nan ne kaɗai ya rage tsakaninsa da shekara uku a sama.

Wato ni ce nake sassaƙa masa makullin da hannuna, kullum da yamma, da muryata da ta dushe.

A mota ina dawowa na ji haushin kowa. Haushin Na-Ƙasa da farantinsa, haushin kamfani da tambayoyinsu arba'in da babu ta ido a ciki, haushin maigidan, haushin kaina. Na yi tunanin in daina koya masa, ko in koya masa ba daidai ba ya je ya faɗi. Amma in ya faɗi zai sauko yana ganin Turanci ne ya kayar da shi, ya ƙare rayuwarsa yana cewa shi jahili ne, bayan ba haka ba ne. Ban iya yi masa wannan ba.

Da yamma bayan ya ci abinci na ce, "Baban yara, mu je asibiti a duba idonka."

Ya ajiye kofin ruwa. "Idona lafiyarsa lau."

"Jiya allon da ka karanta ba abin da ke jiki ba ne. Na juya layukan."

Ya dube ni, kallon da bai taɓa yi mini ba. "Tarko kika ɗana mini a gidana?"

"Na je wurin Na-Ƙasa. Na ga tankar."

"Iska ce."

"Ba iska ba ce, ka sani."

"Ke kalma aka ce ki koya mini, ba duban ido ba!" Ya miƙe har kujerar ta faɗi. "Shekara ashirin da bakwai ban taɓa fasa wa kowa ko farce ba. In na karɓi takardata na je asibitin. Jibi ne fa, jibi! Ki bar ni in wuce wannan tukuna."

Na san in ya karɓi takardar ba asibitin da za shi, don likita na duba shi magana ta fito. Shi ma ya san na sani. Na buɗe baki in gaya masa maganar mutum huɗun nan, sai na kasa. Wallahi tausayinsa ne ya rufe mini baki, da kuma gajiya. Na ɗaga kujerar na mayar da ita wurinta.

Ranar da ta rage ba mu yi darasi ba. Na ji shi a bayan gida yana maimaita jimlolinsa shi kaɗai, yana tuntuɓe a ta biyar, yana komawa farko. Ni kuma na goge masa farar rigarsa, don ban san me zan yi da hannuwana ba.

Ranar jarrabawar ya tashi da wuri. Ya yi aski, ya sa rigar, ya ɗaura takalman aikinsa masu ƙarfe a baki, ya saka littafin a aljihu ko da yake ba karanta shi zai iya ba. Ya sha shayi a tsaye. A bakin ƙofa ya ce, "Ba za ki yi mini addu'a ba?"

Na ce, "Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri."

Ya gane abin da nake nufi, ya yi tsaki ƙasa-ƙasa ya fita.

Layinmu doguwar hanya ce miƙaƙƙiya, daga ƙofarmu har bakin titi inda ake jiran mota. Na fito na tsaya a ƙofa da zanen aikin gida, ko mayafin kirki ban ɗauka ba. Gari ya waye sarai, rana ta fito, ba hazo ba ƙura. Ina kallon bayansa yana tafiya, kafaɗa a miƙe. Mai kanti yana buɗe shagonsa, wata maƙwabciya tana zubar da ruwan wanke-wanke. Da ya kai wajen shagon mai walda na ƙwala masa kira.

"Na-Sama!"

Ban taɓa kiransa da wannan sunan ba. Ya tsaya ya juyo.

Na buɗe hannuwana biyu gefe da gefe, tafin yana kallon ƙasa, na kaɗa su ciki da waje, kamar yadda ya nuna mini a baranda.

Yana kallon inda nake. Ya ɗaga murya ya ce, "Mene ne? Na yi mantuwa ne?"

Na ci gaba da kaɗawa, na fara takowa zuwa gare shi. Maƙwabciyar ta tsaya da bahonta tana kallona. Mai kanti ya leƙo. Malama guda, da tsufanta, tana tafiya a tsakiyar layi da hannuwa a buɗe kamar kaza za ta tashi. Ban damu ba. Ina tafiya ina ƙirgawa, don ƙirga ta zame mini jiki. Goma. Ashirin.

"Ki yi magana mana, zan makara!" ya ce.

Ashirin da biyar. Kafaɗuna suka fara ciwo. Talatin. Yana tsaye yana ƙanƙance ido, ransa a ɓace. Sai da ya rage bai fi taku bakwai tsakaninmu ba na ga fuskarsa ta canza. Bakinsa ya ɗan buɗe. Ya dubi hannuna na dama, ya dubi na hagu.

Na tsaya, amma ban sauke su ba.

"Tun yaushe kike yi?" ya ce a hankali.

"Tun daga ƙofar gida."

Ya ɗaga kai ya dubi can inda ƙofarmu take, ya daɗe yana dubawa. Daga akwatinsa zuwa ƙasa ya ninka wannan nisan sau biyu, ya fi ni sani.

"Ranar tankar," na ce, "su huɗu suka yi maka. Na-Ƙasa da leburori uku."

Motar da yake shiga ta zo bakin titi, yaron motar yana kiran fasinja. Ta tsaya, ta ɗauki mutum biyu, ta yi ham sau ɗaya. Bai juya ba. Ta tashi.

Akwai wani dakali a gaban shagon mai walda. Ya lalubi gefensa ya zauna, da farar rigarsa da na goge, a kan ƙurar ƙarfe. Ya zaro littafin daga aljihu ya riƙe shi a cinya. Sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa, ba da ni ba, ba da kowa ba. Jimla ta biyar ce.

"I must obey a stop signal from anyone."

Ko kalma ɗaya bai yar ba, bai kuma ƙara ko ɗaya ba. Kwana tara muna nemanta, sai yau ta zo, a bakin shagon mai walda.

"Daidai ne?" ya ce, bai ɗago ba.

"Daidai ne."

"To sauke hannun, Malama. Na tsaya."

Na sauke su, sun yi nauyi kamar ba nawa ba. Na zauna kusa da shi a kan dakalin. Na san an buga ƙararrawa a makaranta, yara sittin suna can suna hawa kan benci, ban motsa ba. Can ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa, yatsunsa suna neman ƙullin ba su samu ba. Na durƙusa na kwance masa.